Iskan Baba Seidu

Abin da na fara rasawa a Akra jakar kayan aikina ce. Mota ta sauke mu a bakin unguwar Nima da hantsi, ƙafafuna sun kumbura, kunnena bai daina jin ƙugin inji ba. Ni mai faci ne daga Funtuwa, kuma duk abin da na mallaka yana cikin jakar nan: liba, guduma, sholisho, tiyo, da 'yan tufafi. Ina tsaye ina raba ido sai ga wani mutum cikin farar jallabiya ya yi mini sallama da Hausa raɗau, irin ta gida. Da na ce daga Funtuwa nake sai ya dafa ƙirji ya ce kakarsa 'yar Bakori ce. Wallahi har ƙwalla ta taru mini don daɗi. Ya karɓi jakar ya ce in biyo shi ya kai ni masauki. Lungunan Nima kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Wata mai tallan ruwa ta gifta tsakaninmu, kafin ta wuce jikan 'yar Bakori ya yi layar zana. Abin da ya rage mini shi ne gejin auna iska, shi ma don na saba saka shi a aljihun riga.

Na yi ta zagaye lungunan har na gane cewa wuri ɗaya nake dawowa, gaban wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai. Ita ce ta gaji da ganina ta kira ni.

"Kai baƙo, zo ka zauna. Jakanka ya tafi. Mai farin riga ne, ko?"

Na ce shi ne. Ta girgiza kai, ta zuba mini koko mai yaji da citta har yana ƙona maƙogwaro.

"Sha tukuna. Mene sunanka?"

"Salisu."

"Yoo, Salifu."

Na gyara mata, ta sake cewa Salifu, na haƙura. Sunanta Mma Adisa. Da ta tashi daga kasuwa ta ɗora mini bokitin kokon a ka, na bi ta har unguwarsu Maamobi kamar tunkiyar da aka sayo.

A nan na sadu da mijinta, Baba Seidu, dogo siriri mai farin gemu da ba ya cika magana. A Maamobi aka haife shi, mahaifinsa ɗan ƙabilar Moshi ne da ya zo da shanu bai koma ba. Ba su da ɗa a gida. Allah bai bar musu ko ɗaya ba. Ya saurari labarina, bai ce sannu ba, bai ce kaico ba, ya dai tashi ya janye buhunan gawayi daga wani ɗan ɗaki ya shimfiɗa tabarma. Ya ce a zango, wato unguwar baƙi irin tasu, ba a barin baƙo a titi, daga yau shi ne maigidana.

Hausarsu ta daɗe tana ba ni dariya. Ba ruwansu da mace da namiji, kowa "ya" ne. Mma ya tafi kasuwa, akuya ya haihu. Suna cikin magana sai su zarce da yaren Tuwi ko na Ga, su dawo su same ni inda suka bar ni. Ni kuma in na yi tawa sai su ce Hausar rediyo nake yi. Kewar gida kuwa ta ci ni ba kaɗan ba. Komai aka dafa sai an ji kifi a ciki, har yajin. In na ji an ɗaga kiran salla sai in rufe ido in ga ƙofar gidanmu, in buɗe in ga kwatar Maamobi. Mahaifiyata in mun yi waya takan tambaye ni ko ina ƙoshi, in ce mata har ƙiba na yi, alhali wandona sai da igiya.

Na nemi aikin faci ban samu ba, don kowane bakin titi da mai shi, kuma ba wanda zai ɗauki mutumin da ba shi da ko liba. Sai wata safiya Baba Seidu ya ce in shirya, Madam ɗin da yake yi wa aiki tana neman mai ƙarfi. Muka hau torotoro, ƙananan bas ɗin da ke jigilar mutanen garin, muka yi gabas har gidaje suka yi sauƙi. Ranar na fara ganin teku. Ban ji ta burge ni ba, tsoro ta ba ni, ruwa ba shi da tsallake kuma ba ya yin shiru.

Wurin aikin ba a kan tekun yake ba, a gefenta ne, inda wani tafki mai kwanciyar ruwa ya kusa haɗuwa da ita. Madam Akwele, wata 'yar ƙabilar Ga mai faɗa da saurin hucewa, tana da rumfa a nan tana ba da hayar kayan wasan ruwa ga Turawa da 'ya'yan masu hali. Iri biyu ne. Akwai kwalekwalen roba da ake zama a ciki, akwai kuma wani dogon allo da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da sanda mai faɗin baki. Dukkansu a naɗe suke kwana kamar tabarma, da safe a hura musu iska, da yamma a sace. Aikinmu ke nan. Na ce wa Baba, na baro Funtuwa don na gaji da ba taya iska, ga shi na ƙetare ƙasashe na zo ina ba tabarma.

Kwalekwalen ba shi da wuya, cikinsa ne babba amma iska kaɗan yake so ta matse shi. Allon ne azaba. Sai ya yi tauri kamar katako kafin ya ɗauki mutum, in ba haka ba ya lanƙwashe a tsakiya ya zubar da Bature a ruwa, Madam ta zubar mana da mutunci a tudu. Famfon da muke da shi na hannu ne, tsoho, mai tulu ɗaya. Ka taka ƙafafunsa, ka ja sama, ka danna ƙasa. Da farko kamar wasa, allurar geji ko motsi ba ta yi. Can sai ta fara rarrafe, daga nan kowace dannawa sai ka sa nauyinka duka. Muna karɓa-karɓa, ni in yi allo guda, Baba ya yi guda.

In yana cikin nasa, sau da yawa sai ya tsaya ya dafa famfon, ya sunkuyar da kai ya ce, "Iska ya yi kaɗan." Ni kuma sai in matsa allon da babban yatsa, in sa gejina, in ce, "Gaskiya ne Baba, da saura. Ƙara kaɗan." Sai ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da dannawa. Har tsokanarsa nake yi, in ce a garinmu mutumin da ke yawan kiran iska bori ake yi masa.

Ranar wata Litinin da ba ma fita aiki, ina taya Mma Adisa tace gasara, na ba ta labarin don ta yi dariya. Na kwaikwayi muryarsa, na ce kullum Baba sai ya ce iska ya yi kaɗan, kamar allon nan da rami a cikinsa. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rariyar ta goge hannu a zane.

"Salifu, ba iskan allo yake faɗi ba. Iskansa ne." Ta dafa ƙirjinta. "Nan. Shekaru ya yi yana yanka katako a kasuwan timba, ƙura ya cika shi. Likita ya ce ya bar aikin ƙarfi, bai ji ba koraa, ko kaɗan."

Numfashi. Abin da muke ce wa numfashi shi suke kira iska. Mutum yana gaya mini numfashinsa ya ƙare, ni ina auna roba ina ce masa ƙara kaɗan. Na fita tsakar gida na tsaya, raina ya ɓaci da yaren nan nasu da nawa baki ɗaya. Daga ranar na ƙwace famfon. Amma alluna sun fi ƙarfin mutum ɗaya da famfo irin wannan, baƙi suka riƙa jira a rana suna duba agogo. Ana cikin haka robar cikin tulun ta cinye, ya koma yana shaƙar iska yana mayarwa ta inda ta shigo. Madam ta yi faɗanta ta gama, sannan ta ce tunda ni na san iska, mu je gari ni da Baba mu zaɓo sabo, kowane iri ne in dai aiki zai yi sauri.

Murna ta kama ni. Na riga na ga wani Bature da nasa na lantarki, ya jona ya koma gefe yana shan kwakwa, abin ya cika allo ya kashe kansa. Na ce a raina ƙirjin Baba ya huta.

Muka fara da Nima. Na ce wa wani mai shago famfo nake nema, ya tura ni wurin masu sayar da kan famfon ruwa, muka sha dariya. A unguwar Niyu Tawun wani ya fito mana da ɗan ƙarami na hura katifa, ya rantse da kabarin ubansa cewa har jirgin ruwa yana cikawa. Na sa tafin hannu a bakinsa na toshe shi, iskar ta tsaya cak. Irin wannan yawa gare shi ba ƙarfi, zai kumbura allo ya bar shi laɓo-laɓo. Wani kuma ya kawo na tayar mota. Shi ƙarfi gare shi ba yawa, sai a yi azahar ba a cika allo ɗaya ba, kuma in ka juya baya ya fasa ɗinkin kwalekwale. Waɗannan ni da kaina na ƙi su, Baba yana gefe yana gyaɗa kai, har da ƙarin nasa aibin.

Sai da muka shiga cikin gari, wani babban kanti mai sanyi, muka sami na lantarkin. Yana da batir nasa. Yana fara hurawa da yawa, in allo ya cika ya sauya murya ya koma matsawa. Ka saita masa inda kake so, yana kaiwa ya tsaya. Ga kawunan tiyo iri-iri a leda, na bawul ɗin allo mai murɗawa da na kwalekwale. Na riƙe shi kamar jariri.

"Baba, ga shi."

"Yana da ƙara paa. Oburoni ba ya son ƙara." Oburoni su ne Turawa, paa kuma sosai ke nan.

"Ai na Baturen nan ma haka yake."

"Yashi zai shiga cikinsa."

"Sai mu ɗora shi a kan benci."

"Zai yi zafi ya mutu."

Wannan kam da gaskiyarsa, mai kantin ma ya ce in ya cika 'yan alluna sai an bar shi ya huce. Amma na ga ba gaskiya Baba yake nema ba. Raina ya ɓaci, na ce masa tun safe muke yawo da yunwa, na samo abin da zai raba shi da wahala yana ta kushe shi kamar mai zaɓen amarya. Ya fita, na bi shi. Muka zauna a kan dakalin tashar torotoro, ya daɗe yana mayar da numfashi kafin ya yi magana.

"Salifu, abin nan mutum nawa yake so?"

"Ko yatsa ɗaya ya isa."

"To. Madam ba wawa ba ne. In yatsa ɗaya ya isa, yatsan wa zai riƙe? Naka ko nawa?"

Ya ci gaba, yana kallon titi.

"In na zauna a gida, Adisa zai ciyar da ni da kuɗin koko. Mutanen lungu za su ce sannu Baba, sannu Baba. Ni ban taɓa cin abin da ban yi gumi ba. Gara iskana ya ƙare a bakin ruwa da ya ƙare a kan tabarma ina kallon rufi."

Motoci suna ta wucewa, yaran mota suna kiran Nima, Maamobi. Wannan fa shi ne mutumin da ya janye gawayinsa ya ba ni wurin kwana. In na sayi na lantarki na ceci ƙirjinsa na kore shi daga aiki. In na sayi irin na da, na bar masa aikin da ke kashe shi. Na koma cikin kantin ni kaɗai, na yi ta dube-dube, har idona ya faɗa kan wani na hannu mai tulu biyu, ƙato, mai ba da iska in an ja da in an danna. Yana da ɗan maɓalli da ake juyawa in allo ya fara tauri, dannawar ta yi sauƙi. Mutum ɗaya mai ƙarfi zai iya gama allunanmu da shi kafin baƙi su iso. Na jona gejina na gwada nasa, sai na ga nasa yana ƙarya kaɗan, yana nuna da saura alhali an kai. Mai kantin ya ce zai canza mini wani. Na ce a'a, wannan nake so.

Na gaya wa Madam gaskiya, amma ba duka ba. Na ce na lantarki yana zafi, kuma ba mu da wutar cajinsa a rumfa. Na ce wannan ya fi sauri, sai dai gejinsa ba abin yarda ba ne, dole mutum na biyu ya zauna a bakin bawul da nawa gejin yana aunawa, in ba haka ba rana ta buga allo ya fashe. Baba ne ya fassara mata, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta daɗe. Washegari muka tarar da kujerar roba a inuwar rumfa, daidai inda ake shimfiɗa alluna.

Haka muka yi rani guda. Ni ina dannawa har bayana ya riƙa amsawa, shi yana zaune da gejina a hannu, da muhimmanci kamar alƙali. In allura ta kai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa." Wani lokaci don tsokana in ce, "Baba, iska ya yi kaɗan?" Ya ce, "Na allo ko nawa?" Mu yi dariya, tasa ta ƙare da tari.

Abu ɗaya ne muka yi ta rigima a kai. Kowane kwalekwale yana da ɗan matashin jingina, mai ƙaramin bawul da babu kan tiyon da ya dace da shi, sai da baki ake hurawa. Na hana shi taɓa su. In na juya baya sai in tarar ya ɗauki ɗaya yana hurawa a hankali, yana hutawa, yana sakewa. In na yi faɗa ya ce riƙe geji ba aiki ba ne, a bar shi ya yi wani abu da jikinsa.

Da damina ta kusa, wata Asabar ya hura matashin kwalekwale mai ruwan ɗorawa, ya toshe, ya ce yau zai riga ni tafiya gida. Bai sake dawowa bakin ruwa ba. Kwanakin da ya yi a kwance ba su da yawa, ina jin Allah ya ji roƙonsa. Muka yi masa sutura, muka kai shi, mutanen lungu suka cika maƙil, Moshi da Dagomba da Zabarmawa da Hausawa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Da na koma aiki Madam ta yi mini gaisuwa, ta ce a sace komai a naɗe saboda ruwan sama. A kan teburinta na ga kwalin famfon lantarki sabo fil. Ban ji haushinta ba. Ta jira iyakar jiran da za ta iya. Ina cikin naɗe kaya hannuna ya kai kan matashin nan mai ruwan ɗorawa. An jefa shi bayan rumfa tun ranar, ba wanda ya taɓa shi, yana nan tam. Na sa yatsa a kan toshiyar, na kasa cirewa. Na roƙi Madam ta ba ni shi. Ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta fasa, ta ce in ɗauka.

Na kai wa Mma Adisa, tana cikin takaba. Na ce mata Baba ne ya hura shi da bakinsa ranar da ya bar aiki. Ta karɓa da hannu biyu, ta matsa shi kaɗan.

"Iskansa ne a ciki?"

"Nasa ne, Mma."

Ba ta yi kuka ba. Ta sa shi a bayanta ta jingina da bango. Da ta fita takaba ta koma kan kokonta, da shi take tafiya, tana jingina da shi a bakin titin Nima. Ni na san roba, na san ba ta riƙe iska har abada. Na shafa ruwan sabulu na gano inda take tsiyaya a bakin ɗinki, na yi masa facin da ban taɓa yin mai kyau irinsa ba. Duk da haka kullum sai ya ƙara laushi, ni da na yi rayuwata ina ƙara wa tayoyin mutane iska ba ni da irin wadda zan ƙara masa.

Wata safiya na biya wurinta zan sha koko kafin in hau mota. Ta jawo matashin daga bayanta, ya yi laɓo-laɓo, ya kusa zama fata. Ta miƙo mini.

"Iska ya yi kaɗan, Salifu. Ƙara masa."

Na ce, "Mma, in na buɗe, sauran na Baba zai fita. In na hura kuma ya gauraya da nawa."

"To wa zan ba? Ina da wani ɗa ne?"

Na ajiye kofin. Na cire toshiyar na yi maza na sa bakina kafin ta tsere. Robar tana warin gishirin teku da hayaƙin ƙosai. Na hura, idona yana zuba, masu jiran koko suna kallona, har sai da ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa."